Fentin jant da ya jure tsakuwar Adar

Hilux ɗina tsohuwa ce, kuma rabin rayuwarta a jar ƙasa take yi: ƙauyukan Keita da Buza, in lokacin albasa ya zo kuma in gangara Galmi. Ba don ado na fara tunanin fenti ba. Tayar baya ce ta dinga sace iska, kullum da safe sai na tsaya an ƙara. Da mai faci ya ware tayar, ya nuna mini bakin jant ɗin, wato ƙarfen da ake sa wa taya, daidai inda roba ke zama. Tsatsa ta ci wurin har ya yi kaushi, tubles kuwa, wato tayar da ba ta da tib a ciki, ba ta riƙe iska a kan kaushi.

Na yi gaggawa a karon farko. Na sayi fentin gwangwani a babbar kasuwar Tawa, na wanke jant da omo, na fesa a kan tsohon fentin. Ranar nan sun yi kyau ƙwarai. Kafin damina ta ƙare, fentin ya soma ɓarewa kamar ɓawon albasa, inda fetur ya taɓa kuwa ya narke ya bar zane. Wannan fenti iska ce kawai ke busar da shi, shi ya sa mai ke iya maido shi ruwa.

Daga nan hankalina ya koma kan fentin gari, wanda ake fesawa busasshe da ƙarfin lantarki ya manne, a gasa a tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200. Yana da kauri da tauri, ban musa ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne gyara. Ranar da tsakuwa ta fasa shi, ruwa na bi ta ƙarƙashi, tsatsa ta yi ta yaɗuwa a ɓoye, kuma ba a ɗinke shi da ɗan burushi yadda ya kamata. Ni kuwa tsakuwa ba ta barina ko mako guda. Ga wanda motarsa ba ta sauka daga gudron Yamai, zaɓi ne mai kyau.

Wani dattijo mai fentin mota ne ya daidaita mini tunani. Na ce masa, “Baba, wane fenti ne ba ya mutuwa?” Ya shafa jant ɗin da tafin hannu ya ce, “Ɗana, bari mu ga ƙarfen tukuna.”

Kwana biyu muka yi ba mu buɗe gwangwanin fenti ba. Muka cire tayoyi da bawul da darmar da ake maƙalawa a baki. Muka kankare da burushin waya, muka bi da samfefa mai lamba 80, sannan 180, har ƙarfe ya fito fari. Lungunan da ke kewayen ramuka su suka fi cin rai, don nan ruwa ke kwana, nan kuma mai gaggawa ke tsallakewa. Bayan haka ya goge da diluwan, ruwan da ake tsinka fenti da shi, da farin ƙyalle, ya sake gogewa har ƙyallen ya daina baƙi, ya hana ni taɓawa da hannu saboda maiƙon yatsa. A ranar ya fesa shimfiɗar farko ta efoksi, bai bari ƙarfen ya kwana tsirara ba. Efoksi na kama ƙarfe yana tare ruwa, amma rana na cinye shi ya koma gari, don haka dole a rufe shi. Muka rufe da fenti mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa dursisa, maganin da ke sa shi sandarewa har fetur ba ya narkar da shi. Sau biyu siriri, sannan barni, shafin nan marar launi mai sa sheƙi, a kai.

Launin azurfa na zaɓa. Na so baƙi, amma baƙi mai sheƙi a cikin ƙurar hunturu kafin azahar ya zama ja, kuma kowane ƙarce a kansa sai ya fito fili.

Lokacin feshi ma yana da nasa sharaɗi. Watan Afrilu ne, zafi na wuce digiri 40 da rana, fenti na bushewa a iska kafin ya isa ƙarfe, haɗin kuma na daskarewa a cikin bindigar feshi. Bayan sallar asuba muke farawa, mu yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, mu haɗa daidai abin da za mu ƙarar. Abin da ya dame ni a garajin shi ne yaran da ke feshi da rawani a hanci. Dursisa guba ce ga huhu, ƙyalle ba ya tare ta. Na sayi abin rufe hanci mai matata guda biyu, na bar musu bayan aikin, kuma ina roƙon duk mai kai aiki ya yi haka.

Akwai wurin da Baba ya liƙe da takarda bai bari fenti ya hau ba: bayan jant inda take haɗuwa da motar, da mazaunin notuna. Fenti mai kauri a nan yana matsewa da zafin birki, noti ya saki alhali ka ɗaure shi tam. Hilux noti shida ce a kowace ƙafa, amma shidan duka suna iya sassautawa tare. Muka bar jant ɗin kwana bakwai kafin a sa taya, na kuma tsaya a kan mai faci ya naɗa tsumma a ƙarfensa. Da na yi kamar kilomita 50, na tsaya na sake bin notunan ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun ɗan motsa.

Yanzu damina biyu ke nan. Tsakuwa ta fasa wurare a jant ɗin baya, kamar yadda na sani za ta yi. Na ajiye ragowar fentin da dursisa a rufe cikin ɗaki. In na wanke mota ranar Juma'a na ga tabo, sai in goge shi da samfefa mai lamba 320, in haɗa cikin marfin kwalba in ɗiga. Tayar bayan nan ba ta sake sace iska ba.