Kafin ka tada jigon jirgi kai kaɗai

Ƙannena masu ɗan kwale-kwale a bakin kogin Isa a Yamai, wajen Gamkalle ko Gudel ko can Harobanda, na ga wasunku sun fara ɗinka buhunan shinkafa su yi zane suna ɗaurawa a jirgi iska ta tura su, esansi ya yi tsada kuma tuƙi da hannu yana cin kafaɗa, dabara ce mai kyau wallahi. Amma jigon nan da ke riƙe da zanen, tada shi kai kaɗai ba aikin ƙarfi ba ne, ni da ƙarfi na fara kuma na ji jiki.

Jigo mai mita biyar ko shida, itacen turare ne ko tiyon ƙarfe, a kafaɗa ba wani nauyi gare shi ba. Sai ka dafe gindinsa wuri guda ka fara ɗagawa sannan za ka ji, don nauyin duk yana can nesa da hannunka, farkon tashi shi ne mai wuya, in ya wuce rabi sai ya yi sauƙi. Abin da ban gane ba lokacin, ba komawa baya ke ɓarna ba, karkata gefe ce. Nawa ya ɗan wuce tsayina kenan iska ta taɓa shi ya tafi hagu, jirgin ya bi shi, gindin ya tsage katakon da ke riƙe shi ya fizge bulon, wuyan hannuna ya daɗe bai koma daidai ba. Igiyoyin gefe kuwa, masu riƙe jigo dama da hagu, suna kwance cikin jirgi ban ɗaura ba, wai sai ya miƙe tukuna.

To ku fara da su. Kwantar da jigon kansa yana kallon bayan jirgi, ka zura bulon a gindi yadda zai iya tashi da kwanciya amma ba zai zame ba, ka ɗaura igiyar dama da ta hagu tun yana kwance. In maɗaurinsu ya yi layi ɗaya da bulon ɗin gindi ba za su yi sako-sako ba har ya miƙe, nan ne sirrin, su ne mutum na biyu da ba ka da shi. Ka kafa gwafa a baya ka aza kan jigon ya ɗan tashi. Igiyar gaba ta taso daga kan jigon ta bi ta puli, 'yar tayar nan mai kwarmi da igiya ke gudu a kai, a goshin jirgi ta dawo hannunka, kuma in jigon yana da nauyi ka tsayar da guntuwar sanda a gindinsa igiyar ta hau kanta, in ba haka ba kana ja ne kawai kana danna shi cikin gindi, ba ya tashi. Puli da igiya duk akwai su kasuwar Katako, kar ku ɗauko tsohuwar igiyar da rana ta cinye, in ka murza ta tana gari a jefar.

Sannan iska. A Yamai kogin daga arewa maso yamma yake gangarawa kudu maso gabas, hunturu kuma daga arewa maso gabas yake busowa, kenan in jirginka na kwance tare da gaɓa iskar a haƙarƙari take bugunsa, daidai inda jigo ya fi rauni. Kuma lokacin ne ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine ke isowa, Disamba zuwa Janairu kogi cike yana ja. Ni a kan ruwa na gwada, jirgi na rawa ƙarƙashina. A janyo shi kan yashi, a juya goshinsa ko bayansa wajen iska, a yi da sassafe kafin ta tashi.

Dan Allah a ɗaga kai a duba wayar kuran kafin a taɓa komi, tiyon ƙarfe da ɗanyen itace duk kuran yana bin su kuma kai ƙafarka cikin ruwa take. Yara masu kallo a kore su daga bayan jirgi.

In kana ja ka ji ya cije, kar ka ƙara ƙarfi, igiya ce ta sarƙe wani wuri, na taɓa fizgewa haka na tsinke ta gefe. Mayar da shi kan gwafa ka warware. Da ya miƙe kuma igiyar gaba ka fara ƙullewa kafin ka saki hannu.

Saukewa ma a kula, musamman in za a wuce ƙarƙashin gadar Kennedy ruwa ya cika, a tsaya gaɓa tun da nisa. Ka naɗa igiyar sau biyu a ƙarfe ko itacen goshi kana sassautawa kaɗan kaɗan, don yana kusa da kwanciya nauyin ke dawowa gaba ɗaya, kuma ka tsaya gefe, gwafar ce za ta tarbe shi ba kafaɗarka ba.