Godiya ga waɗanda suka mayar da ni kan ruwa, da waɗanda suka tsamo ni daga cikinsa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana takwas ke nan da kwalekwale ya kife da ni ranar Asabar a bakin kogin Majidun, a nan Ikorodu ta jihar Legas, kuma tun daga ranar waya ba ta huta ba. Wannan ya kira ya yi jaje, wancan ya yi barka da arziki. Ban samu na amsa wa kowa ba, shi ya sa na ga gara in rubuta godiyata a fili. Amma sai na faro daga baya kaɗan, domin akwai mutanen da alherinsu ke wuyana tun kafin wannan Asabar ɗin.

Ni ɗan Yawuri ne, a Yelwa aka yanke cibiyata, a bakin Kwara. Dangin mahaifiyata Sarkawa ne, kuma ban san ranar da na fara riƙe filafili ba, na dai taso na gan shi a hannuna. A cikin kwalekwale kakana yake ba mu labarin tsibiran da ruwa ya cinye bayan an gama madatsar Kainji a 1968, yana nuna mana inda gidajen mutane suke a da, mu kuwa ba ma ganin komai sai ruwa. Da aiki ya kawo ni Ikorodu a watan Fabrairu, na yi murna da aka ce mini gari ne na bakin ruwa. Ashe ganin ruwa daban, samun hanyar shigarsa daban. Wata biyar na yi daga gida sai wurin aiki. In na idar da la'asar sai in gangara tashar jiragen ruwa ta Ebute in tsaya ina kallon masu zuwa Falomo da CMS, har magariba ta kore ni. Maiɗakina ce ta fara cewa, "Abban yara, kewar ruwa ce ke ramar da kai."

Na duba intanet. Na ga akwai tsofaffin kulob na masu jirage a Legas, irin Lagos Yacht Club da aka kafa tun 1932, da wasu a gaɓar mashigin ruwa na Five Cowries, tsakanin Ikoyi da Victoria Island. Wurare ne masu kyau. Sai dai daga Ikorodu sai ka ratsa Mile 12 da Ketu, ka hau gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, sannan ka isa, ga shi ban san kowa a ciki ba. Kuma harkarsu ta inji ce da iska. Ni abin da raina ke so shi ne in zauna dab da ruwa, in tuƙa da hannuna.

Godiyata ta farko ga Baba mai busasshen kifi ne a kasuwar Sabo. Bakabe ne daga Argungu, ya fi shekara talatin a garin nan. Na je sayen kifi, ya ga yadda na ɗauki kurungu ta bayan ƙaya ba tare da na duba ba, sai ya ɗago kai ya ce, "Yaro, kai ɗan ruwa ne. Daga ina?" Na ce, "Yawuri, Baba." Ya matsa mini a kan bencinsa. Da na kwashe damuwata na faɗa masa, ya ce, "Ruwan nan yana da masu shi, ba a shigarsa sai ta hannunsu. Ranar Asabar bayan asuba ka zo, yarona zai kai ka." Baba, ko sisi ba ka karɓa ba, har kifin ma ka yi mini gyara. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Inda yaron ya kai ni ba shi da allo, ba shi da ofis. Rumfa ce ta kwano a gaɓar Majidun, da kwalekwale shida a kife, huɗu na katako biyu na roba. Mutum kusan ashirin ne ke taruwa duk Asabar: Ilaje 'yan unguwar, Yarabawa, Ibo biyu, sai Hausawa uku, ɗaya daga Ibi a bakin Binuwai, ɗaya daga Lakwaja, ɗaya ma Bakano ne da a nan ya koyi iyo. Ana ɗan karo-karo na sayen kwalta da ƙusa da rigunan ruwa. Wata dattijuwa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Iya, ita ke riƙe da littafi. Za ta rubuta sunanka da lokacin fitarka, in ka dawo ta soke. Ranar farko na ce mata ni tun ina yaro nake ƙetare Kwara, ba sai na sa rigar ruwa ba. Ba ta yi musu da ni ba. Ta rufe littafinta ta miƙo mini rigar, ta ja igiyoyin da kanta har suka matse ni, ta nuna mini usur ɗin da ke maƙale a ƙirji. Iya, yanzu na san darajar abin da kika ɗaura mini.

Sun gaya mini ruwan nan ba irin namu ba ne. Kwara gaba kawai ta sani, amma babban ruwan Legas, wanda Yarabawa ke kira Osa, yana haɗe da teku, sau biyu a rana yake cika ya janye. Ga shi a watan Oktoba kogin Ogun a cike yake, musamman in an saki ruwa daga madatsar Oyan, kuma lokacin ne kainuwa ke gangarowa. Kainuwar nan ma ba irin tamu 'yar falafala ba ce. Kara gare ta mai kauri, da fure shuɗi-shuɗi, saiwarta baƙa kamar gashi, kuma a sarƙe take tafiya, wani garken ya kai faɗin filin ƙwallo. Shugabanmu ya ce kada kowa ya wuce bakin kogi. Na ji, amma na dogara da hannuna, na ƙara gaba kaɗan. Laifin nawa ne, ba na kowa ba.

Ina cikin kwalekwalen roba na mutum ɗaya, marar nauyi, ba kamar na katako da na saba da shi ba. Ruwa ya fara janyewa, na kogi kuma yana turowa, sai garken kainuwa ya zo mini ta gefe. Na soka filafili don in juya, saiwa ta riƙe shi. Na finciko da ƙarfi, kwalekwalen ya kife.

Abin da ba zan manta ba shi ne duhun da ke ƙarƙashin kainuwar. Ka ɗaga hannu, maimakon iska sai ka ji saiwa ta nannaɗe maka yatsu. Iyon da nake taƙama da shi bai yi mini komai ba, don babu wurin da za ka buɗe hannu. Rigar ce ta riƙa tura ni sama har na samu kafa tsakanin karare na fito da kai. Na kama gefen kwalekwalen, na yi salati, na lalubo usur na yi ta busawa, garken kuma yana tafiya da ni cikin Osa.

Wanda ya fara isowa ba ɗan ƙungiyarmu ba ne. Wani masunci ne ɗan Ilaje, da ɗansa da bai wuce shekara sha biyu ba. Ya bar tarunsa a ruwa ya nufo ni. Yaron na tsaye a baya yana tokare gora, uban na durƙushe a gaba yana sarar kainuwa da adda, taku ɗaya taku ɗaya, har ya buɗe hanya. Ya kama wuyan rigata ya mirgino ni cikin jirginsa, a kan kifin da ya kama. Da 'yar Hausar da ya iya yake ta cewa, "Sannu aboki, sannu, ba komai." Yaron ya cire hularsa ya goge mini fuska. Sun ce na kai minti arba'in a ruwa. Washegari na je gidansa da kuɗi a ambulan, ya ƙi ko taɓawa. Tarunsa kuwa kainuwa ta tafi da shi. Ɗan uwana, ban san yarenka ba, ba ka san nawa ba sosai, amma 'ya'yana sun san abin da ka yi wa ubansu.

Ina godiya ga shugabanmu da samari uku da suka biyo ƙarar usur, suka janyo kwalekwalen, kuma ba wanda ya ce mini "ai mun faɗa maka". Ina godiya ga ɗan uwana na Ibi da ya ba ni rigarsa ya koma gida da singileti, da Iya da ta saurari ƙirjina ta kuma matsa sai an kai ni asibiti saboda ruwan da na sha. Malam liman da jama'ar masallacinmu na Sabo, da maƙwabtan da suka yi ta sallama da kwanon abinci, Allah ya bar zumunci. Maiɗakina ta yi kuka, amma ba ta ce in daina ba. Cewa ta yi in riƙa jin magana. Na ji.

'Yan ƙungiya sun haɗa wa masuncin kuɗin sabon taru, kuma wannan dai ya karɓa da ya ji daga hannun jama'a ne. Na gaya wa mahaifina abin da ya faru, ya yi shiru a waya, sannan ya ce zai sa a sassaƙa filafili biyu na maɗaci. Suna hanya yanzu a cikin motar albasa da za ta sauke kaya a Mile 12. Ɗaya zai maye wanda na ɓatar wa ƙungiya, ɗayan na yaron da ya riƙe gora ne. In Allah ya kai mu Asabar, zan kai masa da hannuna kafin Iya ta buɗe littafi.