Bututun hayaƙin gidana da watannin da na kwashe ina neman mai gyara shi

Ranar da na fara ganin tabon a silin ɗin falo ban ɗauke shi komai ba wallahi, ɗan zane ne ruwan ƙasa kamar an zubar da shayi, daidai saman murhun jin ɗumi. Ƙarshen hunturu ne, ƙanƙara ta fara narkewa ga ruwan sama kwana biyu a jere. Kafin sati ya zagayo fentin ya kumbura ya fara ɓarewa, maiɗakina ta ajiye bokiti a wurin, in dare ya yi tsit kana jin ɗiga ɗis ɗis.

Gidan namu kondo ne a wajen garin Filadelfiya, jihar Pensilbaniya ta ƙasar Amurka. Ga wanda bai san tsarin ba, ka sayi gida naka ne da takardunka, amma abinda ka mallaka kai kaɗai shi ne cikin ɗakunan, rufi da bangon waje da fili da hanyar mota na dukkan masu gidajen ne, kuma akwai ƙungiyar masu gidaje da kwamitinta da manaja, kowane wata kana biyansu kuɗi su kula da waɗannan. Toh shi bututun hayaƙi ina ya faɗa? Ƙafarsa tana cikin falona, kansa yana saman rufin jama'a. Nan rigimar take.

Na kira ofishin manaja a waya, matar ta ce min murhu na mai gida ne, duk abinda ya shafe shi kai za ka ji da shi. Ban nemi ta rubuta min ba, ban tambaye ta a wane shafi ta gani ba, kawai na yarda. Na samo wani mai ƙananan gyare-gyare ya hau da tsani ya shafa kwalta a gindin bututun na biya shi. Ruwan ya tsaya kwana goma ya dawo, sannan ga wasiƙar gargaɗi daga kwamiti cewa na sa mutum ya hau rufin da ba nawa ba babu izini, kuma in kamfanin da ya yi rufin ya janye garantinsa saboda wannan kwaltar ni zan ɗauka. Abin ya ƙona min rai sosai, su suka ce nawa ne kuma su suka ce na taɓa nasu.

Bayan sallar Juma'a na ba wani dattijo labari, mutumin Kumasi ne ya fi shekara talatin a ƙasar nan. Ya ce ɗana, ka karanta takardar kafa gidan kuwa? Na ce Baba Alhaji wacce ke nan? Ya ce wannan tulin da suka ba ka kafin ka sa hannu, je ka tono shi. Gaskiyarsa ce, dokar jihar nan ta wajabta a ba mai saye waɗannan takardu, har tana ba shi kwana biyar bayan ya karɓa ya fasa cinikin in ya ga abinda bai masa ba, ni kuwa lokacin hankalina yana kan banki da kuɗin ruwa da ranar tarewa.

Na zauna da ita dare biyu. Abinda na gano shi ne kayan gidan kashi uku ne ba biyu ba. Akwai naka, akwai na kowa, sannan akwai na tsakiya, wato abinda asalinsa na kowa ne amma an keɓe wa gida ɗaya amfaninsa, kamar baranda ko wurin ajiye mota. Dokar kondo ta Pensilbaniya ta 1980 ma ta ambaci ramin hayaƙi ƙarara, ta ce in abu irin wannan wani sashensa yana cikin gidanka wani yana waje, ɓangaren da kai kaɗai yake wa aiki yana cikin kashi na tsakiyar nan, wanda yake wa gida fiye da ɗaya aiki kuma na kowa ne, sai dai in takardar kafa gidan ta tsara wani abu daban. Wannan "sai dai" ɗin shi ne komai, shi ya sa abinda aka yi wa abokinka a jihar Merilan ko Niyu Jazi ba hujja ba ne a wurinka, kai ko unguwar da ke tsallaken titi tsarinta zai iya bambanta da naku.

Abu na biyu da ya ɗaure min kai da farko, wanda zai yi gyara daban, wanda zai biya daban. A tamu takardar, kayan kashi na tsakiya ƙungiya ce ke kawo ma'aikaci ta sa ido a aikin, amma kuɗin a kan mai gidan da ke amfani da abin ake ɗorawa. Ni da na saba da gida, inda in indararon maƙwabci yana zuba a katangarka za ku tsaya ku yi magana ko a kira mai unguwa a raba, sai na tarar nan babu wanda zai saurare ka sai da lambar shafi.

Daga nan na kira mai sharar bututu na gaske, mai takardar shaida. Shi da kansa ya ce ba zai hau ba sai manaja ta ba da izini a rubuce, na tura imel aka ba mu. Ya yi abinda suke kira dubawa mataki na 2 a ƙa'idar kiyaye gobara ta Amurka mai suna NFPA 211, wadda ta ce a riƙa duba bututu duk shekara, kuma a yi irin wannan mai zurfin duk lokacin da gida zai sauya hannu. Ni ban yi ba da zan saya, mai duba gidan da na ɗauka leƙawa kawai ya yi da tocila. Ya zura kamara tun daga ƙasa har sama muna kallo a allo. Cikin ramin baƙi ƙirin da wani dasƙararren abu mai sheƙi kamar kwalta, ya ce sunansa kiriyosot, hayaƙin itace ne ke taruwa haka musamman in ɗanye ake ƙonawa, kuma shi ke kamawa da wuta a cikin bututu. Can wajen tsakiya ga tsaga a jikin tayil ɗin yumɓun da aka jera a ciki, yatsa zai shiga. A sama kuma simintin da ya rufe kan bulon ya dare gida uku, ruwa na shiga ya daskare da sanyi ya kumbura ya ƙara buɗa tsagar, shekara bayan shekara, ga kwanon da ke haɗa bututu da rufi ya ɗaga ta gefe ɗaya. Kwaltar da na biya ko kusa da wurin ba ta je ba.

Sai ya nuna min abinda ya sa jikina ya yi sanyi. Bulon ɗaya ne amma ramuka biyu ne a ciki, ɗaya nawa, ɗayan na maƙwabciyata, tsohuwa ce mai zama ita kaɗai, kuma nata ba na murhu ba ne, hayaƙin tukunyar dafa ruwanta mai gas ne ke fita ta nan. Ɓaraguzan siminti sun fara faɗawa ciki. In ya toshe, iskar nan mai guba da ba ta da wari ba ta da launi cikin gidanta za ta koma tana barci. A daren na ƙwanƙwasa mata ƙofa na nuna mata hotunan, washegari muka sayo mata na'urar da ke ƙara in iskar ta taru.

Ranar mitin ɗin kwamiti tare muka je. Na buga hotunan, na ja layi a shafukan, ban ɗaga murya ba duk da raina a ɓace yake. Na ce bulo da simintin sama da kwanon gindi gida biyu suke wa aiki kuma jikin rufi suke, don haka na kowa ne, a biya daga asusun ajiyar gyara. Shimfiɗar cikin ramina kuwa, wato tayil ɗin nan da ya tsage, na yarda tawa ce zan biya. Wani ɗan kwamiti ya ce gidaje da yawa ba su da murhu, don me kuɗinsu zai tafi a bututun wasu, kuma ban ga laifinsa ba, tambaya ce mai kyau, sai dai takardar da duk muka sa wa hannu ta riga ta amsa. Suka ce sai lauyansu ya duba. Sati shida muna jira, bokiti na nan.

Lauyan ya dawo da kusan abinda na faɗa. Ƙungiya ta gyara waje, aka zura min sabon bututun ƙarfe marar tsatsa a cikin ramina aka kawo min bil na raba shi wata-wata, aka janye wasiƙar gargaɗin bayan na tura musu ranar da na kira ofis da abinda aka gaya min. Silin ɗin falo ni na gyara da kuɗina, don inshorar cikin gida da muke yi, wadda ake kira HO-6, sun ce yoyon da ya daɗe yana yi a hankali ba ya cikin abinda suke biya, babbar inshorar ƙungiya ma ba ta biyan tsufan gini. Wannan har yanzu yana min ciwo, ruwan ta wajensu ya shigo, amma kuɗin lauya zai fi na fenti.

Da aka tashi sai kwamiti ya sa aka duba duk bututun unguwar, aka samu wasu da irin matsalarmu, yanzu kuma doka ce kowa mai murhu ya kawo rasit ɗin shara kafin sanyi ya shigo. Nawa a watan Satumba nake yi, rana ɗaya da na maƙwabciyata don mutumin ya hau sau ɗaya, in ya sauko na ɗauki hoton rasit ɗin biyu na tura wa manaja ta imel.