Saƙon Godiya Bayan Kammala Digirin Kimiyyar Kwamfuta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba ni rai da lafiya har na ga ƙarshen wannan karatu, ina miƙa godiyata ga duk waɗanda suka halarci walimar da aka yi mini ranar Asabar da ta wuce a Agege, da waɗanda suka bugo waya daga gida Arewa. A wurin walimar an miƙo mini makirufo, sai bakina ya yi nauyi, na kasa faɗin komai in ban da "Allah Ya saka da alheri". Shi ya sa na zauna in rubuta abin da ya maƙale mini a ranar.

Na fara karatun nan ta intanet a wata jami'ar Amurka a shekarar 2020, watanni kaɗan bayan kullen korona da aka sanya wa Legas a ƙarshen Maris, ina kuma riƙe da aikina na akawu a wani kamfanin jigilar kaya a Apapa. Da yawa in sun ji an ce karatu ta intanet sai su ɗauka mutum yana kishingiɗe ne da waya a hannu. Alhali kowane darasi yana da karatunsa na mako da aikin gida da jarrabawa, kuma wanda yake barin Agege da idar da sallar asuba, ba ya dawowa sai bayan isha'i saboda cunkoson tankoki da tireloli a hanyar Oshodi zuwa Apapa, ba shi da wani rarar lokaci. Duk awar da na yi karatu a cikinta tsawon shekara biyar, daga rabon wani aka yanko mini ita, kuma masu rabon ne nake son ambata.

Ta farko ita ce uwargida. Dokar jarrabawarmu ita ce ɗalibi ya kunna kyamara, ya zagaya da ita a ga kowane lungu na ɗakin, kuma daga an fara babu wanda zai shigo, babu muryar da za a ji. Mu kuwa ciki da falo gare mu, da yara uku. Ranar jarrabawa takan goya ƙaramar, ta riƙo hannun manyan biyu, ta shimfiɗa tabarma a barandar gidan, su zauna awa biyu cur cikin sauro, tana yi musu tatsuniya da murya ƙasa-ƙasa. Akwai daren da ruwan sama ya sauko ana tsakiyar jarrabawa, ina jin ƙararsa a kan kwano, ina duban ƙofa ina jiran ta ƙwanƙwasa. Ba ta ƙwanƙwasa ba. Da na gama na buɗe, sai na tarar da su a ƙarƙashin matakala, ta lulluɓe yaran da mayafinta, ita kuma ta jiƙe sharkaf, kuma abin da ta fara tambayata shi ne, "Abban yara, an dace?" Wannan takarda sunana kaɗai aka rubuta a kanta, amma ni na san rabinta na wane ne.

Sai Yayana, wanda yake sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Kuɗin makarantar da dala ake biya, kuma tun a 2022, lokacin da bankuna suka taƙaita abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya ma da yawa suka dakatar da shi, biyan ya zama wahala. Babbar matsalar ta zo ne bayan an saki farashin naira a Yunin 2023: dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a farkon 2024, albashi kuwa yana nan inda yake. Na je wurinsa da niyyar sanar da shi cewa zan ajiye karatun. Ya saurare ni yana ɗaure bakin buhu, sannan ya ce, "Wanda ya ci rabin kogi ba ya juyawa don ruwa ya yi sanyi. Nawa ne ya rage?" Kwasar adashensa ta watan nan gaba ɗaya ya ba ni, kuma har yau bai taɓa ɗaga maganar ba. Yaya, Allah Ya ƙara buɗi, Ya raya maka zuri'a.

Ina godiya ga maigidana a wurin aiki, wanda ya yarda in riƙa tashi da wuri a makon jarrabawa, da abokan aikina biyu da suke ɗaukar nawa lissafin a kan nasu. Haka nan maƙwabcina, Bayerabe dattijo, wanda bayan an cire tallafin man fetur a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500, bai fasa jawo mini waya daga janaretansa ba duk daren da aka ɗauke wuta. Wa'adin miƙa aikinmu sha biyun dare ne a agogon gabashin Amurka, wato biyar ko shida na asuba a Legas gwargwadon lokacin shekara, saboda haka sau da yawa janaretan Baba yakan kwana yana aiki domina, ni kuma in tura aikin ladan yana kiran salla.

Ba zan ɓoye ba, na faɗi darasi guda, kuma shi ne ƙashin bayan fannin: tsarin adana bayanai da algoridim, wato matakan da kwamfuta take bi ta warware matsala. Na shige shi da girman kai, don na ɗan iya Python, wani yaren rubuta manhaja, ina ganin rubuta manhaja shi ne kimiyyar kwamfuta, ashe lissafi ne da tunani. Wanda ya fitar da ni wani matashi ne mai gyaran waya da kwamfuta a Computer Village ta Ikeja, ɗan unguwarmu, wanda ya riga ni yin irin wannan karatu. Wata Lahadi ya ce in zo da tsohon littafin rajistar direbobinmu, wanda aka jera sunaye a cikinsa bi da bi bisa haruffa. Ya ce in nemo wani suna, na fara daga shafin farko, sai ya riƙe hannuna. Ya buɗe tsakiyar littafin, ya duba, ya watsar da rabin da sunan ba zai kasance a ciki ba, ya sake buɗe tsakiyar abin da ya saura. Ya ce da wannan dabara, ko suna miliyan ɗaya ne, buɗewa 20 ta isa, domin in aka fara daga ɗaya, aka yi ta ninka abin da aka samu har sau 20, an wuce miliyan. Abin da na yi wata uku ina haddacewa ban gane ba, a ranar ya zauna mini. Shi ne kuma ya canza mini batirin kwamfuta sau biyu bai karɓi ladan aiki ba. Aikina na ƙarshe, wata 'yar manhaja mai bibiyar shigar motoci da fitarsu wadda yanzu muke gwadawa a ofis, daga wannan littafin rajista tunaninta ya samo asali.

Ina kuma tuna abokan karatuna na zauren WhatsApp, waɗanda yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ranar 14 ga Maris, 2024, muna cikin azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sadarwa ta tsaya cik ina da aikin rukuni a hannu. Wata abokiyar karatu daga wata ƙasa ce ta rubuta wa malamin ta bayyana masa halin da muke ciki, aka ƙara mana kwanaki.

Ga mahaifiyata, wadda takan tambaye ni a waya, "Har yanzu bokon cikin na'urar bai ƙare ba?" sannan ta bi da addu'a, ina cewa: Inna, ya ƙare, Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Saura neman afuwa. A cikin shekarun nan an yi bukukuwan aure da suna ban je ba, an yi rasuwa na yi ta'aziyya ta waya, kuma kujerata a taron ƙungiyarmu ta 'yan gari ta daɗe babu kowa a kanta. Na san akwai waɗanda suka ji zafi suka yi shiru, ina roƙonsu su yafe mini. Na rubuta sunayen gidajen a takarda, kuma in Allah Ya yarda ranar Asabar mai zuwa zan fara da na Idi-Araba, ni da uwargida da yaran, sannan Obalende a mako na gaba.

Wassalamu alaikum.