Talatar damina a wurin aiki

Ruwan da aka kwana ana sheƙawa bai ɗauke ba sai wajen ƙarfe tara. Na isa ɗan asibitinmu na unguwa gefen zanina duk taɓo, na tarar benci ya cika. Kafin azahar na duba yara bakwai masu gudawa, shida daga cikinsu ba su kai shekara biyu ba. Ban yi mamaki ba. Daga wata shida zuwa yaye ne yaro ke rarrafe, ya fara shan koko da ruwan randa, kuma duk abin da hannunsa ya taɓa sai baki.

Wadda ta tsaya min a rai wata yarinya ce da ba za ta wuce shekara 17 ba, goye da ɗan wata 11, ga kuma ƙaramin ciki. Kwanika. Da aka gane cikin, surukarta ta sa aka cire yaron daga nono rana tsaka, wai nonon ya ɓaci. Maɗigarsa ta faɗa, idanu sun zurma, na ɗan tsunkuli fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba. Da ta buɗe tsumman na ga majina da jini. Atuni ne, irin wanda ƙwayar cutar da ake kira Shigella ta fi kawowa, kuma ita ba ta buƙatar yawa, ƙuda ɗaya ko hannun da ba a wanke ba ya isa.

"Ƙanwata, yau kwana nawa?"

"Huɗu, Anti."

"Me ya zaunar da ke har kwana huɗu?"

Ta sunkuyar da kai. Iya, wato surukar, ta ce haƙori ne, zai wuce. Maigidan yana Fatakwal, sai daren jiya wayarsa ta shiga ya ba da izini, ya turo kuɗin mota. A tsakani an sayo Flagyl a kemis, an jiƙa sassaƙe. Wannan magana ta haƙori ta ishe ni wallahi, ta sha kai mu ga rasa yara. Na sa masa ƙarin ruwa, na rubuta maganin atuni da ƙwayar zink ta kwana goma, na ce ta mayar da shi nono, ciki ba ya lalata nono. Ta kalle ni kamar na ce ta zagi Iya.

Bayanta wata malamar firamare ta shigo da 'yarta. Layinsu ɗaya, 'yan garuwa ɗaya ke kawo musu ruwa. Amma ita tun asuba ta dama ORS, garin gishiri da sukarin nan na masu gudawa, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa tana ba ta cokali-cokali, kuɗin adaidaita kuma daga jakarta ya fito, ba ta jira wayar kowa ba. Minti goma na sallame su.

Ruwan kuwa kowa ya san labarinsa. Gida mai mutum 20, masai ɗaya, rijiya na nan kusa da shi, damina ta zo ta haɗa su. A 2021 da kwalara ta ɓarke aka samu sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, Bauchi da Jigawa da Kano na kan gaba. Lokacin kowa ya koyi tafasa ruwa. Yanzu gawayi ya yi tsada, an bari.

Da la'asar Iyar da kanta ta zo da kwanon kunu. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Iya, ke ce babba, ki taimaka min ki ba ta umarni ta ba shi nono." Ta yi shiru tana kallon ledar ruwan da ke ɗiga, can ta ce, "To, ba shi mana." Ya kama da ƙyar, amma ya kama.

Na dawo gida bayan magariba na tarar da moɗarmu yashe a ƙasa gefen randa, autana zaune kusa da ita jage-jage. Ko mayafi ban cire ba na ɗora tukunya.