Asabar a Wisconsin: Ranar da Gasa Ta Ƙare a Kan Siririn Katako

Tun da asuba muka kama hanya, domin jami'ar da za mu kara da ita a gasar wasan alkafura (gymnastics) tana can cikin jihar Wisconsin ta Amurka, kuma ƙaramar makaranta irin tamu ba ta san zancen jirgi ba. Da hannunmu muka loda jakunkuna a bas, dusar ƙanƙara tana zuba, kafin mu yi nisa wasu sun yi barci, wasu kuma sun baje littattafai a cinya saboda jarrabawar ranar Litinin. A rukuni na uku na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, inda muke, doka ta hana a biya wa ɗalibi kuɗin karatu saboda wasa, don haka duk wadda ta ɗaure idon sawunta da bandeji a wannan motar son wasan alkafura ne kaɗai ya kawo ta.

'Yan kallon da muka tarar ba su wuce iyaye da ƙanne da wasu tsirarun ɗalibai ba, har ana iya jin mutum yana tari daga ƙarshen zaure. Jami'ar Utah takan tara fiye da mutum 10,000 a gasa guda, ana kuma nuna ta a talabijin, amma ban taɓa ganin dalilin jin ƙyashi ba, tunda kayan wasan da suke hawa su ne muke hawa, awonsu bai bambanta ko da ɗan yatsa ba.

Da yake mu baƙi ne, da lilo a kan sanduna muka fara, sannan tsallen teburi, sannan wasan dandamali, kuma duka ukun sun tafi lafiya lau. Katakon daidaito shi ne na ƙarshe ga baƙi, wannan kuwa tsari ne da ban taɓa ƙauna ba, saboda a daidai lokacin masu gida suna kan dandamali, kiɗansu yana tashi, jama'arsu na tafi, ke kuma ana so ki natsu a kan katako mai faɗin santimita 10, tsawon mita 5, wanda ya ɗaga santimita 125 daga ƙasa.

A kowane fanni mutum shida ke hawa, a ƙirga makin biyar mafi kyau, a zubar da na ɗaya. Ta biyu a layinmu, 'yar shekarar farko ce, ƙafarta ta zame bayan alkafurar baya ta faɗo, faɗuwa kuwa rabin maki take ci. Ta sake hawa ta kammala, muka rungume ta, amma kowa ya san lissafin: makin da za a zubar ya riga ya samu mai shi, sauran mu huɗu babu wadda ke da damar kuskure.

Ni ce ta biyar. Na goga garin alli a tafin ƙafa da hannu, na duba ɗan layin da na zana a gefen katakon don in san inda zan tashi, kociya ta ce in sauke numfashi kawai. Da na hau, ban ƙara jin kiɗan ba, sai ƙarar ƙafata a kan fatar katakon da muryar abokan wasa suna kiran sunana bayan kowane tsalle. A saukowa na yi ɗan taku guda, alƙalai kuma ba su yafe shi ba, suka ba ni tara da rabi da 'yar ɗoriya. Jami'o'in Amurka har yanzu suna riƙe da ma'aunin maki 10, wanda gasannin duniya suka daina amfani da shi tun 2006, shi ya sa ɗan taku irin wannan yake bayyana ƙarara a allo.

Masu gida sun fi mu da tazara kaɗan. Ban ji zafin hakan sosai ba, domin ba mu ƙirga faɗuwa ko ɗaya ba, kuma abin da muke hange shi ne gurbi a gasar ƙasa ta NCGA, ƙungiyar wasan alkafura ta makarantun rukuninmu, a watan Maris, inda jami'o'in Wisconsin irin su Oshkosh da La Crosse suka saba taka rawa.

Umma ta kira da dare, tambayarta ta farko idon sawuna ne, na ce mata, "Umma, da sauƙi, ƙanƙara ce a kai yanzu haka." Gobe ina da aiki a laburare daga azahar, ga rahoton ɗakin gwaji da ban taɓa ba, kociya kuma ta ce ranar Litinin da saukowa daga katako za mu fara atisaye.