Huda tangaran da leza don injin jirgin sama

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje lokacin karatun digiri na biyu shi ne huda farantan tangaran mai zare, wanda zarensa da abin da ya riƙe zaren duk silikon kabaid ne. Irinsa ke cikin LEAP, injin jirgin sama da ya fara aiki a jiragen fasinja a 2016, saboda nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfen nikel, ga shi yana jure zafin digiri 1,300 a ma'aunin Salshiyas.

Hujin da ake so a karkace yake shiga, a kusurwar wajen digiri 30, faɗinsa bai kai milimita ɗaya ba, sannan bakinsa ya buɗe kamar mazurari. Da haka iska mai sanyi ke fitowa ta kwanta a kan farantin ta kare shi daga wuta.

Mun fara da leza mai dogon bugu, wato wadda haskenta ke ɗan jimawa duk lokacin da ta harba shi, kuma cikin daƙiƙu ta ratsa. Daga waje hujin tsaf. Sai da muka yanka farantin, muka goge, muka sa a madubin ƙara girma, sannan muka ga bangon ciki ya yi ɓawon gilashi, ga tsage-tsage. Dalili kuwa, silikon kabaid ba ya narkewa, wargajewa yake yi, amma ragowar silikon da ke tsakanin zaruruwa na narkewa a digiri 1,414, ya malala, ya sake daskarewa. Abin da ya fi damuna shi ne siririn rufin boron naitiraid da ke jikin kowane zare. Shi ke karkatar da tsaga ya hana farantin fashewa gaba ɗaya, kuma da zarar zafi ya taɓa shi, tururin cikin injin zai ƙarasa cinye shi.

Daga nan muka koma leza mai bugun fikosakan (kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa), wadda ke ɗauke abu kafin zafi ya yaɗu. Muna zagaya hasken muna sassaƙa kaɗan-kaɗan, iskar agon na kore ƙura. Huji ɗaya sai ya ci mintuna, amma bango ya fito fes. A ganina jinkirin ya biya kuɗinsa.

Karkatar ce ta ba mu wuya. Hasken na bajewa a kan gangare, ƙasan hujin ya tsuke, dole muka riƙa sunkuyar da hasken muna sauke inda yake tattaruwa yayin da ramin ke zurfi. Kowane faranti kuma sai mun hura masa iska mun auna yawan da ta wuce kafin mu amince da shi.